Kiwon Mama Saratu

Ba na jin zan taɓa mantawa da Lahadin da Baba Yohanna ya dawo daga kai gawar matarsa gida, ko da tsufa zai kwashe mini duk sauran abin da ke kaina. Na sha kunya a ƙasar nan. Na taɓa durƙusa wa ɗan sanda har ƙasa a tashar jirgi don kawai ya nuna mini hanya. Na taɓa tsayawa ina taya tumatir a babban kanti, layi ya yi tsawo a bayana. Amma waɗannan kunyar dariya ce, ni da bakina nake ba da labarinsu a gidan biki. Ta wannan Lahadin kuwa, har yau in ta faɗo mini a rai sai na ajiye abin da ke hannuna na zauna.

Sai na fara da Mama Saratu, in ba haka ba ba za a gane nauyin abin ba. Da na sauka New York wajajen 2011 ban san kowa ba, lambar waya guda nake riƙe da ita, wadda matar fastonmu na gida ta ba ni. Mai lambar ita ce Mama Saratu, nas a wani asibiti a Bronx, mutuniyar Zonkwa. Mijinta, Baba Yohanna, ya yi aikin jirgin ƙarƙashin ƙasa har ya yi ritaya, mutum ne da za ki wuni da shi bai yi miki magana goma ba. Ba ta san uwata ba, ba ta san ubana ba, amma ta shimfiɗa mini bargo a kujerar falonsu da ke Grand Concourse, na kwana a kai har sanyi ya zo ya wuce. Ita ta kai ni cocinmu na masu jin Hausa da ke saman wani shago a University Heights, ita ta tura ni na koyi aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Ko da na kama ɗakina a Morris Heights, ba na yin mako ban hau bas na je na ci tuwonta ba.

Kujerar nan da na kwana a kai tana fuskantar abin da Mama ta fi so a gidan bayan Baba (wasu ranakun ma har da Baban). Akwatin gilashi ne cike da ruwan gishiri irin na teku, suna kiransa tanki. Galan ashirin yake ci, kamar jarka uku ta 'yan ga-ruwa. A ciki an jera duwatsu masu ramuka, murjani ya lulluɓe su, kore da ruwan ƙasa. (Ni murjanin da na sani shi ne na wuyan amare. A bakin Mama na fara jin wai abu ne mai rai, yana buɗewa in ya ji daɗi, yana tsukewa in an ɓata masa, ya fi wasu matan zumuntar cocinmu saurin fushi.) Akwai fitila mai shuɗin haske a sama, da ɗan inji rataye a baya yana juya ruwa dare da rana. Mazauna ciki ba su da yawa: jatan lande ɗaya, 'yan dodon koɗi masu lasar gilashi, sai kifi biyu masu launin lemo da ratsin fari, kowanne bai kai ɗan yatsana ba. Mama tana kiransu Ango da Amarya, ko da yake sun daɗe da wuce amarci. In ta dawo daga aiki ƙafafu a kumbure, kafin ta cire takalmi sai ta tsaya ta gaishe su, su kuma su taso bakin gilashi suna rawar jiki.

Ni kam tun ranar farko abin tsiya na ɗauke shi. Na sha ce mata, Mama, duk wannan wuta da gishirin kanti da wahalar canjin ruwa a kan kifi biyu da ko miyar mutum ɗaya ba za su yi ba? Sai ta yi dariya ta zaunar da ni ta yi mini karatu. Wai girman tanki shi ke yanke wanda zai zauna a ciki, ba sha'awar mai shi ba. Mai galan goma, 'yan mitsitsin kifin nan masu kwanciya a yashi ne nasa, ɗaya ko biyu, da jatan lande. Irin nata mai ashirin, Ango da Amarya sun ishe shi, in an matsa a ƙara ƙarami ɗaya mai sanyin hali. Manyan nan masu kyan launi da ake gani a ɗakin jiran likitan haƙori kuwa, masu son gudu ne, sai tankin da ya kai tsawon gado. Ta ce a teku ƙazantar kifi ɓacewa take, amma a ɗan ruwa irin wannan duk abin da aka zuba yana nan tare da su, cikinsa suke numfashi. Ina gyaɗa kai ina cewa to, to. A zuciyata kuwa cewa nake zaman Amurka ya sa wa Mama halin Turawa, masu auna wa kare abinci da cokali.

Ba laifina ba ne ni kaɗai (ga ni nan na fara neman abokin raba laifi), tarbiyya ce. A ƙauyenmu, can bayan Kaltungo, ana ba da kiwo. Mace za ta kawo miki akuyarta ta ce ki riƙe mata, wani lokaci shekara, wani lokaci fiye. Ranar da za ki mayar, ana son a ga dabba tana sheƙi, 'ya'ya na bin ta a baya. Wadda ta mayar da akuya yadda aka kawo ta, ba ƙiba ba ƙari, to ta shiga bakin mata a rijiya, a ce hannunta ba albarka, ko kuwa dusar ma ita take cinyewa. Mahaifiyata kuwa sunanta ya zaga ƙauyuka a wannan fanni. Akuyar da aka fid da rai da ita, in ta shiga garkenmu, sai ta fito da tagwaye. Da wannan alfahari na tashi, da shi na tsallako teku, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko akwai inda ba ya aiki ba.

Ciwon Mama bai ja lokaci ba. Lokacin zafi aka kwantar da ita a asibiti, kafin ganyen itatuwa su gama zuba ta koma ga Ubangiji. Uwa na rasa, ba wani suna da zan ba abin. Ta bar wasiyya a kai ta gida a binne ta kusa da iyayenta, coci ta haɗa hannu, aka shirya Baba zai yi kamar wata guda a can. Ana gobe za su tashi ya kira ni. Ya buɗe ɗan gwangwanin abincin kifi, ya tsinci ɗan abin da yatsu biyu suka kama, ya ce wannan sau ɗaya a rana. Ya nuna mini jarkar ruwan da ba gishiri, ya ce in ruwan tanki ya sauka daga wannan layin in cika. Sannan ya sa mini makulli a tafin hannu, ya riƙe hannun bai saki ba.

"'Yata, kada ki ƙara komai, kada ki rage komai," ya ce. "Cikin duk abin da ta bari a gidan nan, su kaɗai ne masu numfashi. Ina so in dawo in same su."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, kiwo gadona ne.

Kullum in na tashi daga aiki sai in biya in buɗe gidan. Takalman aikin Mama na nan a bakin ƙofa. Nakan zauna a tsohuwar kujerata in yi kukana in more, sannan in tashi in ba kifi abinci. Kwanakin farko na bi ma'aunin Baba daidai. To amma kafin in rufe gwangwani sun lashe, sun dawo bakin gilashi suna kallona suna karkaɗa jiki. Marayu ne fa, ga su suna roƙo. Na ce a raina wannan ma'aunin namiji ne, namijin ma mai baƙin ciki, me ya sani game da ciyarwa? Na ninka, na sake ninkawa. Na gano wani daskararren abinci a firiji, 'yan dunƙule-dunƙule kamar magi, wanda Mama kan ɗan kankaro musu jefi-jefi. Na riƙa jefa guda sukutum, safe da yamma. Gansakuka ta fara hawa gilashi, na ce alamar ni'ima ce. Murjani ya tsuke, ya ƙi buɗewa ko an kunna fitila. Na tsaya ina kallonsa hawaye na zubo mini, na ce Allah Sarki, har dutse ya san mai gidan ba ta nan. (Eh, haka na fassara shi, makoki. Na ma ba mata labari a coci, wasu suka share ido.)

Ango da Amarya sun yi ƙiba, wannan kam ba ƙarya. Amma ba su ƙaru ba, ga ranar dawowar Baba na matsowa. Sai na riƙa hango shi ya shigo gidan nan shiru, ba mai yi masa sannu da zuwa sai 'yan kifi biyu a cikin duwatsu. Na ce a'a, 'yar mahaifiyata ba za ta mayar da kiwo yadda aka ba ta ba. In ba su haihu ba, ai akwai kasuwa.

Ranar hutuna na shiga jirgi har Queens, wani kantin kifi da na taɓa raka Mama. Na nuna wani shuɗi mai rawayar wutsiya, faɗinsa ya kai tafin hannuna, na nuna wani ruwan ɗorawa mai dogon baki, na ƙara da wasu 'yan ƙanana biyu shuɗaye masu araha, don kada a ce na yi rowa. Mai kantin ya tambaye ni girman tankina. To ni a inda na fito ba a ƙasƙanta dukiyar babba a gaban baƙo. In an tambaye ki shanun mahaifinki, ba ki cewa biyu. Na ware hannuwana iya tsawonsu. Ya ce galan nawa, na ce ɗari da wani abu. Ya ce tankin ya daɗe a kafe? Na ce shekara da shekaru, wannan dai gaskiya na faɗa. Ya ɗaure mini su a ledoji, na dawo rungume da su a ƙirji cikin rigar sanyi.

Gaskiya tankin ya yi kyau ranar. Shuɗi ya gifta, rawaya ya gifta, sai dai kowanne in ya kaɗa wutsiya sau biyu ya ci karo da gilashi ya juyo. 'Yan ƙananan masu arahar nan kuwa, tun ba a kwana ba suka kori Ango da Amarya daga ramin da suka yi shekaru suna kwana, suka tura su can lungun sama kusa da inji. Na ce wasan sabon zuwa ne, haka awaki ma suke yi kafin su saba. Tunda baki sun ƙaru, na ƙara abinci. A coci na ja shugabar zumuntar mata gefe, Sista Rifkatu, mace mai kirki da kaifin harshe, na ce ranar da Baba zai dawo ta ba ni dama in yi magana bayan addu'a, akwai abin da na tanadar masa. Kafin a tashi sujada duk matan sun ji.

An shirya cewa Lahadi da rana jirginsa zai sauka, dattawan coci su ɗauko shi, jama'a su taru a gidan a yi masa gaisuwa a ci abinci. Asabar da la'asar na je na share gidan na goge. Ruwan tankin ya ɗan yi fari-fari kamar an wanke shinkafa, kifin duk sun taso sama suna buɗe baki. Yanzu na san numfashi suke nema. A lokacin na ce yunwa ce, na jefa musu dunƙule biyu don su tarbi Baba da ƙarfinsu. Sannan na ɗauko zanen ankon zumunta na Mama, na ninka biyu, na lulluɓe tankin ruf, don in yaye a gaban jama'a. Gefen zanen ya riƙa shiga injin baya yana jiƙewa, ruwa na ɗiga a kafet. Na ɗan yi tunani, sai na tuna tarwaɗar kududdufin garinmu, wadda kan yi rani guda cikin ruwan da ba ya motsi ba abin da ya same ta. Na zare wayar injin daga bango. Kwana ɗaya ne ai. A makon sanyi ya shigo, masu benen sun kunna na'urar ɗumama gida, falon ya yi zafi kamar ɗakin mai jego. Na kulle ƙofa na tafi ina 'yar waƙata.

Lahadi daga coci muka wuce gidan da kuloli, tuwon shinkafa da miyar kuka da masa da kunu. Ina buɗe ƙofa wani wari ya tarbe mu. Sista Rifkatu ta yatsine fuska ta ce wace ce ta juye daddawar shekara guda a miya, kowa ta shiga kare tukunyarta, aka buɗe taga. Ni ma na ce daddawa ce. Allah ya sani na so in ɗaga gefen zanen in leƙa, amma falon ya cika, idon mata na kaina, ba na so in ɓata shirina.

Baba ya shigo tsakanin dattawa, ya rame, rigar sanyinsa ta yi masa yawa. Bai kalli kowa ba sai da ya kalli inda tankin yake. Ya ga zanen matarsa a kai, ya tsaya. Na yi maza na tare shi na ce ya zauna ya huta tukuna, suna nan lafiya. Fasto ya yi karatu da addu'a, mata suka rera waƙar da Mama ta fi so, a hankali, ba kiɗa. Ana cewa amin Sista Rifkatu ta ce 'yar Mama tana da magana.

Na miƙe na gyara ɗankwali. Na yi jawabi, jama'a, ban tsallake komai ba. Na ba da tarihin mahaifiyata da awakinta, na faɗi abin da Mama ta yi mini, na ce ba ni da abin da zan saka mata da shi sai hannun kiwon da na gada. Na ji wasu na cewa haka ne, Allah ya yi albarka. Sannan na kama bakin zanen.

"Baba, biyu ka bar mini," na ce. "Ga abin da na mayar maka."

Na yaye.

Ruwan ya koma kamar tsinkakken koko. Shuɗin nan da rawayan suna kwance a sama, ciki a waje, launinsu ya koɗe. Jatan lande ya yi fari a kan yashi. Murjani ya saki yauƙi, rabinsa ya narke ya bar dutse tsirara. Warin da zanen ya tsare ya fito gaba ɗaya ya cika falon, wata mata ta kai gefen mayafi hanci ta sauke da sauri don kunya. Ni kuwa ina tsaye da zane a hannu, murmushin jawabi bai gama barin fuskata ba. Idona na neman launin lemo. Na same su a lungun saman nan da aka kora su, su biyu, ba motsi.

Na yi fatan wani ya zage ni, ko Sista Rifkatu ta saki harshenta in samu abin riƙewa, amma ita ma ta sunkuyar da kai. Baba ya tashi ya zo, ya daɗe yana kallo. Ya sunkuya da ƙyar ya mayar da wayar injin bango. Sai wani abu ya motsa a ƙarƙashin dutse, ɗaya daga cikin 'yan shuɗayen nan masu araha ya leƙo, lafiyarsa ƙalau, ya koma.

"Wannan na waye?" in ji Baba.

Na ce ni na sayo. Ko ni ban gane muryata ba.

Fasto, Allah ya saka masa, ya ce Baba ya sha hanya, a bar shi ya huta. Mata suka zuba masa abinci suka sa a firiji, aka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zo wucewa ta gabana sai ya kalli ƙasa.

A garinmu, in kiwo ya mutu a hannunki, ba aike ake yi ba. Da ƙafarki za ki je, ki kai wa mai shi fatar, ki durƙusa ki faɗi yadda aka yi. Mahaifiyata ba ta taɓa yin wannan tafiyar ba, ni ce na fara a gidanmu. Na ɗauko 'yar raga na tsamo Ango da Amarya, na rasa inda zan sa su, na sa su a kofin shayi. Na durƙusa gaban Baba na miƙa, na faɗa masa komai, tun daga ninka abinci har ƙaryar galan ɗari, har wayar da na zare. Bai katse ni ba. Ya karɓi kofin da hannu biyu ya ɗora a gwiwarsa.

Ya ce a can gida mutane ba su bar shi shi kaɗai ba, amma da jirgi ya tashi ya ga baƙo a kujerar gefensa, sai tsoro ya kama shi.

"Abin da na riƙa gaya wa kaina ke nan har muka sauka," ya ce, "akwai masu jirana a gida. Da safe in na tashi ina da waɗanda zan ce wa ina kwana, yadda take yi."

Nan kukan da na danne ya ƙwace. Cikin kukan na ce ya yafe mini, gobe-goben nan zan koma Queens, na ga irinsu sak a kantin, zan sayo masa biyu, ko ma huɗu. Ya ɗago ya kalle ni, bakinsa ya ɗan motsa, ban sani ba ko dariya ce ta so zuwa.

"'Yata, har yanzu saye kike son yi?"

Tun da nake, ba a taɓa yi mini faɗan da ya shige ni irin wannan tambayar ba. Ya dafa kaina ya ce ya yafe, ya san ƙauna ce ta yi mini yawa, Mama ma da tana nan faɗa za ta yi mini sannan ta zuba mini tuwo. Ya ce abu ɗaya zan yi masa, in zo in ɗauke kifina, don ba ya jin zai iya gaishe da wanda ya kori masu gida.

Bai sake sa kifi a tankin ba. Ɗan murjanin da ya tsira ya ba wata abokiyar aikin Mama mai irin wannan kiwon. Kafin shekara ta zagayo ya tattara ya koma wurin 'yarsa a Maryland. Mutane sun ce dama zai tafi, tsoho ba ya zama shi kaɗai a saman bene. Wataƙila. Ni dai na san ya dawo da niyyar zama, kuma na san abin da ya tarar. Matan zumunta ba su taɓa tayar mini da maganar ba, illa dai tun daga ranar ba wadda ta ƙara bar mini ajiyar ko da tukunyar fure in za ta yi tafiya.

Kifin mai araha yana wurina, shi kaɗai a tanki mai galan goma, da 'yan dodon koɗin da ya ga dama ya ƙyale. Mugun hali gare shi, duk ranar canjin ruwa sai ya cije ni a yatsa, ni kuma ba na cewa komai don na ga ya fi ni gaskiya. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta ce, kifi ɗaya tal, ke kuwa ki samo masa 'yan'uwa mana. Sai in ce ta sha shayinta kada ya huce. A makare na gane ba kowace amana ce akuya ba. Akwai ajiyar da duk albarkar hannun da ake nema a wurinki ita ce ki kame hannun ki zauna.

Baba kan kira ni duk Kirsimeti. Bayan an gama gaisuwa sai ya ce, "Ina kiwo? Nawa ne yanzu?"

In ce, "Ɗaya ne, Baba."

Sai ya ce, "Madalla. Kada Allah ya ƙara."